Yadda nake kiwon salwa a bayan ɗaki a Agege

Duk wanda ya taso a arewa cikin kiwo, ya zo Legas ya tarar ko igiyar shanya sai an yi rabo, yakan cire maganar kiwo daga ransa. Tunkiya babu wurin ɗaure ta, kaji kuwa sai sun haɗa ka faɗa da maƙwabta. Salwa ce kawai na ga tana zama a lungu mai faɗin tabarma ɗaya, tana ba ka ƙwai kusan kullum, mai gidan haya bai ɗaga maka murya ba. Ni a gidan yawa nake a Agege, kejina yana jikin katanga tsakanin ɗakina da tankin ruwa, don haka bayanina na wanda yake cikin irin wannan matsatsin ne.

Wadda ake kiwon ba fakarar daji ba ce, salwar Japan ce. A 1992 aka shigo da ita Najeriya ta hannun cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, daga can ta bazu. Tana fara ƙwai tana da mako 6 zuwa 7 a duniya, kuma mace mai samun abinci mai kyau takan yi ƙwai 250 ko fiye a shekara. Ƙwan bai wuce giram 10 zuwa 12 ba, sai ka haɗa kamar biyar kafin su kai nauyin na kaza ɗaya.

Yawancin shawarar da za ka ji a kan salwa daga ƙasashen sanyi ta fito, ko daga wajen 'yan'uwa da ke kiwo a Kano da Jos. Ba ƙarya suke yi ba, garin ne ya bambanta. Iskar Ikko jiƙe take. Daga watan Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba da Oktoba, danshin da ke cikin iska yakan kai kashi 80 cikin 100 ko ya wuce. Wannan danshin shi ke sa abinci ya yi fumfuna, shi ke hana kashi bushewa har keji ya ɗauki wari, shi ke kashe ɗan tsako a cikin ƙwai. Kusan duk abin da nake yi dabam da mutanen gida, saboda shi ne.

Da me za a fara

Kada ka fara da ƙwai, kada ka fara da 'yan kwana ɗaya. Nemi 'yan mako huɗu, waɗanda suka gama fitar da gashi, ba sa bukatar ɗumi, saura mako biyu ko uku su fara biyan kuɗin abincinsu. Ashirin sun isa koyo. Masu shagunan kayan kiwon kaji a wajen unguwar Oko-Oba, nan Agege, sun san masu salwa, kuma da yawa daga Ibadan ake kawo su. In da hali ka je har inda ake kiwon ka gani da idonka. Waɗanda aka jera a kasuwa kusa da kwandunan kaji, ko da araha, ka wuce su, ba ka san abin da suka shaƙa ba.

Ka ɗauki kowace ka duba: ido garau, gashi a kwance, gindi babu kashi a manne, in ka ajiye ta ta zabura. A wannan shekarun ana gane jinsi a ƙirji. Mace ƙirjinta fari-fari ne da ɗigo-ɗigon baƙi, namiji nasa ja-ja ne babu ɗigo. Farare da masu wani launin ba a gane su haka, sai sun balaga: in ka matsa saman duburar namiji a hankali wani farin kumfa zai fito, mace ba ta da shi.

In ƙwan ci kawai kake so, ba ka bukatar namiji ko ɗaya, mata suna yin ƙwansu ba shi. Wannan ya fi wa ɗan haya sauƙi, don namijin ne mai kuka, kuma bai san dare ba. Kukan bai kai carar zakara ba, amma a gidan da tagogi ke kallon juna, maza biyar sun isa a kai ƙararka. In kana son ƙyanƙyasa, namiji ɗaya ga mata uku ko huɗu.

Keji

Nawa kafinta ne ya haɗa: tsawo ƙafa huɗu, faɗi ƙafa biyu, kowane hawa yana ɗaukar 20 zuwa 25. Masu kiwon kasuwa suna cusa fiye da haka, amma su suna da fanka da sarari. Tsayin ciki kada ya wuce inci 10. Dalili shi ne salwa in ta firgita sama take tashi tsaye da ƙarfi, in rufin yana da ɗan nisa sai ta sami gudun da za ta fasa kai ko ta karya wuya. In ya yi ƙasa, ba ta samun wannan gudun. Wasu suna shimfiɗa soso ko buhu a ƙarƙashin rufin.

Daɓen ya zama ragar waya mai ido rabin inci, a ɗan karkata shi zuwa gaba da kamar inci biyu don ƙwai ya gangaro waje. A ƙarƙashi a sa faranti na kwano da za a riƙa zarowa. Ragar kajin nan mai laushi mai manyan idanu ba ta da amfani a garin nan, ɓeran kwata yana ratsa ta, gafiya kuma tana jan ƙafar tsuntsu ta ƙasa ta cinye. Ƙafafun kejin su ɗaga aƙalla ƙafa biyu daga ƙasa, saboda ɓera da kuma ruwan da ke kwanciya a tsakar gida in an yi mamako. Ina tsoma kowace ƙafa a gwangwanin da na zuba wa baƙin mai, tururuwa da kwarkwasa ba sa hayewa.

Kada ka lulluɓe keji da leda wai kana tsoron sanyi. Babbar salwa ba ta jin sanyin Legas, ko a 'yan kwanakin hunturun da muke samu a Disamba da Janairu. Abin da take bukata iska ta ratsa. Ka rufe gefen da feshin ruwa ke bugowa kawai, ka bar sauran. In rufin kwano ne, a bar tazara tsakaninsa da kejin, ko a ɗora kwali, don zafin azahar yana sa su buɗe baki suna haki, ƙwai ya ragu. Sannan ka lura da inda maƙwabta ke kunna janareta, hayaƙinsa yana kashe tsuntsu tun kafin mutum ya ji ciwon kai.

Farantin kashi kullum nake kwashewa da damina, da rani kwana bibbiyu, in barbaɗa garin katako. In ka sunkuya kusa da keji ka ji wari yana yaji a ido, to su da ke ciki sun daɗe suna shan wahala, daga nan ciwon ido da na numfashi ke farawa. Kashin kada ya shiga kwata, ko don duba-gari. Ka tara a buhu, masu lambu na wajen Ojo suna so.

Ci da sha

Salwa ta fi kaza bukatar sinadarin gina jiki. 'Yan tsaki suna son abincin da sinadarin ya kai kashi 24 zuwa 28 cikin 100, masu ƙwai kuma 18 zuwa 20. Ba kowane shago ke da abincin salwa ba. Ni nakan ba ƙanana abincin farko na kajin nama, in ƙara masa ɗan garin busasshen kifi marar gishiri ko garin waken soya da aka gasa. Manya kuma ina haɗa abincin kaji masu ƙwai da na farkon kajin nama rabi da rabi, in ajiye musu garin ƙashi ko ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka a wani gwangwani dabam. In ka ga ƙwai yana fitowa da taushin ɓawo, ko mace tana kasa tsayuwa bayan ta yi ƙwai, wannan garin ne ya yi ƙaranci. Dusa da tsaki da gero zalla za su raya ta, amma ba za ka ga ƙwai ba.

Babba tana cin giram 20 zuwa 25 a rana. Ke nan buhu mai kilo 25 zai kai salwa 100 kwana 10, hamsin kuma kwana 20. Mai ashirin in ya sayi buhu guda zai kai shi kusan mako bakwai, kuma a damina abinci ba ya kai haka lafiya. Gara ka riƙa sayen na mako biyu a awo, ko ku raba buhu da wani. Ka juye shi a bokiti mai murfi, ka ɗora a kan katako, kada ya taɓa siminti ko bango. In ka damƙa ka ji ya dunƙule, ko yana warin ruma, ka zubar. Gubar fumfunar masara da ƙuli tana cin hanta a hankali, ba a ganewa sai ƙwai ya tsaya, mutuwa ta fara ɗaya-ɗaya.

Ɓarna ce halinsu, suna watsa abinci da baki da ƙafa. Ka rataye mazubin daga waje su riƙa zuro kai, kada ka cika shi fiye da rabi. Ruwa kuwa wanda kai za ka iya sha, a sauya safe da yamma, a wanke mazubin har santsin nan ya fita.

Akwai maganar haske. Salwa tana son awa 14 zuwa 16 na haske kafin ta riƙe ƙwai sosai, ranar Legas kuwa kusan awa 12 ce duk shekara. Ƙaramar fitilar sola ta isa, daga magariba zuwa tara ko goma na dare, sai a kashe. Barin ta har asuba yana sa su saran juna. Yawancin ƙwan ma da la'asar zuwa bayan magariba suke yin sa, lokacin nake kwasa.

Ƙyanƙyasa

Salwar keji ta manta da kwanci, da wuya ka ga wadda ta zauna a kan ƙwai. Wasu suna sa wa ƙaramar kazar gida, amma takan fasa da yawa. Injin ƙyanƙyasa ne hanya, kuma a nan ka sayi mai aiki da batir na bolt 12, wanda za ka haɗa da batirin mota ko na sola. Ƙyanƙyasa kwana 17 zuwa 18 ce, ka san da kanka sau nawa za a ɗauke wuta a cikinsu.

Ƙwan da za a sa ya fito daga matan da suka yi aƙalla mako biyu ko uku suna ƙwai tare da namiji. A zaɓi matsakaita, masu tsabta, marasa tsagewa. Ba a wanke su, wanki yana cire rigar da ke hana ƙwayar cuta shiga. A jera su tsinin yana ƙasa, a wuri mafi sanyi a ɗaki, ba cikin firji ba. An ce kada su wuce kwana bakwai, amma da zafin nan ni ba na bari su wuce biyar. In a mota aka kawo maka su daga nesa, ka bar su su huta yini guda kafin ka sa.

Ka kunna injin kwana ɗaya kafin ƙwai ya shiga. Zafin da ake so digiri 37.5 ne a inji mai fanka. Kada ka amince da lambar da ke jikinsa kawai, ka sa ma'aunin zafi irin na asibiti a ciki daidai tsayin ƙwai ka gwada. Zafi ya fi sanyi haɗari: in wuta ta ɗauke awa ɗaya ko biyu, ka rufa wa injin bargo ka bar ƙofofin iska, yawanci ba abin da zai faru sai ɗan jinkiri. Amma in ya haura digiri 40 ya daɗe a can, an gama. Saboda haka kada a ajiye inji inda rana ke shigowa ta taga.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin asara. Takardar da ke zuwa da inji tana cewa a cika mazubin ruwa tun ranar farko. Mutumin Kano da hunturu dole ya yi haka. A kwana 14 na farko ana son danshin cikin inji ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55, kuma iskar daminar Legas in inji ya ɗumama ta, da kanta take sauka daidai wurin nan ba a zuba ko ɗigo ba. In ka ƙara ruwa a kai, ƙwan ba zai rage ruwan cikinsa yadda ya kamata ba, gurbin iskar da ke gefen mai faɗi ba zai girma ba, ɗan tsako ya cika halitta ya zo numfashin farko ya shaƙi ruwa. Sai mutum ya fasa ƙwai a kwana na 19 ya tarar da cikakken ɗa a mace, ya ce an sayar masa da mugun iri. Wani dattijo da muke sallah tare ya yi zubi biyu haka. Da na ce masa, "Baba Alhaji, a wannan karon kada a zuba ruwa sai kwana na 15," sai ya ce, "Yaro, ƙwai ba ruwa?" Ya gwada dai, yanzu shi ke ba wasu shawarar. Ka sayi ƙaramin ma'aunin danshi, shi zai gaya maka ranar da za ka ƙara cokali biyu, musamman in iskar hunturu ta sauko.

In injin ba ya juya ƙwai da kansa, ka juya sau uku ko biyar a rana da hannu mai tsabta, ka yi alama da fensir a gefe guda don kada ka rikice. Wajen kwana na 8 zuwa 10 za ka iya haska su da fitilar waya a cikin duhu. Zanen ɓawon yana hana gani sosai, amma wanda haske ya ratsa tas babu komai a ciki, a cire shi. Daga ƙarshen kwana na 14 a daina juyi, a kwantar da su a kan tsumma, a zuba ruwa danshi ya hau 65 zuwa 70, a rufe. Kada a riƙa buɗewa ana leƙe, yara ma a ja musu kunne. Sukan fito kusan tare, cikin 'yan awoyi. A bar su a ciki su bushe, ko da za su kai yini, ba yunwar da za ta kama su. Wanda ya kasa fitowa da kansa, ko ka ɓare masa ba kasafai yake rayuwa ba.

Ka riƙa sauya maza daga wani gida dabam. Salwa ba ta jure barbarar dangi, zubi biyu ko uku a jini ɗaya za ka ga ƙyanƙyasa ta ragu, guragu sun yawaita.

Makon farko

Ɗan tsakon salwa bai wuce giram 6 zuwa 8 ba, kamar goro ɗaya mai ƙafafu, kuma duk ramin da ya gani sai ya shiga. Kwali mai zurfi ko babbar roba ta isa gidansu, a rufe sama da raga mai ƙananan idanu. Kada a shimfiɗa jarida ko leda, santsi yana raba musu ƙafafu, kuma in sun rabu da wuya su dawo. Tsohon tawul ya fi a kwanakin farko, daga baya a koma ɓuraguzan katako busassu.

Suna son digiri 35 a makon farko, a riƙa rage kamar uku kowane mako. Ƙwan lantarkin zamani mai farin haske ba ya ba da ɗumi, sai tsohon nan mai wat 60 ko 100. In babu wuta, fitilar ƙwai ko kwalbar ruwan zafi da aka naɗe da tsumma. Mai amfani da gawayi ya tabbata ya ruru ya daina hayaƙi, kuma iska na shiga. Ɗumin ya kasance a gefe ɗaya don su sami wurin gudu. Su da kansu za su nuna maka: in sun taru sun hau kan juna suna tsiwa, sanyi ne, in sun watse jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa. A nan bayan kwana goma yawanci da dare kawai nake kunna musu, da sun kai mako uku kuma an gama.

Ruwa ya fi komai kashe su a kwana ukun farko. Murfin kwalba mai faɗi ya isa, a cika shi da tsakuwa da aka wanke, su riƙa sha ta tsakanin duwatsun. Wanda ya jiƙe ya kwana, ya tafi. Abincin kuma a niƙa shi ya yi laushi, a barbaɗa a kan tawul ɗin su koyi tsattsaga.

Lafiya

Salwa tana da ƙarfin jiki, amma maganar da ake yi cewa ba ta ciwo ba gaskiya ba ce. Kashin jini ko mai ruwa-ruwa, da tsuntsu ya takure ya saki fukafukai, alamar ciwon hanji ne, kuma jiƙaƙƙen daɓe ke kawo shi. Ka ware marar lafiya nan take, ka ɗauke ta ko gawarta ka kai wa likitan dabbobi, kada ka tsaya ga mai shago ya haɗa maka magani kala uku. In an ba su magani, ka tambayi kwana nawa za a daina cin ƙwan, ka kuma kiyaye. Likitan ne zai gaya maka ko a unguwarku ya kamata a yi musu rigakafin annobar kajin nan da ake kira Nukasil.

In kuwa ka wayi gari da yawa sun mutu lokaci guda, kada ka yanka sauran, kada ka sayar, kada yara su taɓa. Murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006, kuma Legas na cikin jihohin da ta taɓa. A sanar da ofishin dabbobi na gwamnati. Sabuwar salwa da ka sayo ta yi mako biyu a ware kafin ta shiga cikin naka, kuma ranar da ka je kasuwar kaji ka wanke hannu ka sauya takalmi kafin ka nufi keji.

Sau biyu a mako ina sa musu faranti da busasshen yashi da ɗan toka su yi birgima, yana rage ƙwarƙwata, suna kuma samun natsuwa. In ka ga wadda aka sare wa kai har jini, ka cire ta, in ba haka ba sai sun ƙarasa ta. Yawanci maza ne suka yi yawa, ko wuri ya yi kaɗan. Rarar maza a yanka su a mako na 6 zuwa 8, bayan nan ci kawai suke yi ba ƙarin nama.

Game da sayarwa, shekarun baya an yi ta yayata cewa ƙwan salwa yana warkar da ciwon suga da hawan jini da abin da ba a rasa ba, mutane suka ruga kiwo, kasuwa ta cika, da yawa suka bari. Har yanzu wasu masu saye da wannan niyyar suke zuwa. Ni ina gaya musu abinci ne mai kyau, a dafa shi, kada a sha ɗanye, kada kuma wanda likita ya ɗora a kan magani ya ajiye maganinsa. Masu sayen nawa matan unguwa ne da ke dafa wa yara na tafiya makaranta, da mai shayi ɗaya. Kafin ka ƙara hawa na biyu a keji, ka tabbata kana da wanda zai karɓi ƙwan kowane mako, don a zafin nan ba ya son ya wuce kwana goma a waje.

Ƙwai yana fara ja da baya in sun doshi shekara guda. Tun suna wata tara ko goma ka sa sabon zubi a inji, yadda ƙananan za su fara ƙwai kafin ka yanka tsofaffin.